Lissafin Ciki: Sati Arba'in ne ko Wata Tara?

Hajiya shugaba, iyayenmu mata, yayye da ƙanne, da mazajenmu da suka bar ayyukansu suka zo taya mu murna, sannunku da zuwa. Allah Ya maimaita mana.

An ce in yi magana a kan abin da karatun yaƙi da jahilci ya amfane mu da shi. Ni 'yar kasuwa ce, lissafi ne abincina, don haka na zaɓi lissafin da ya shafi ranmu, wato lissafin ciki.

Mu a gida da wata muke ƙirga. Sai ki je awo malamar asibiti ta ce cikinki sati ashirin ne, ki dawo kina ta lissafi da yatsu. To, ga yadda abin yake. Asibiti suna fara ƙirga daga ranar farko ta jinin al'adarki na ƙarshe. Daga wannan rana zuwa haihuwa kwana 280 ne, wato sati 40. Shigar cikin kanta tana zuwa ne kamar sati biyu bayan nan, amma da yake ba mai sanin ranar, sai aka ɗauki ranar da mace za ta iya riƙewa.

Wata za ta ce, ai sati huɗu ne wata, ashe ke nan sati 40 wata goma ne? A'a. Wata ya fi sati huɗu da kwana biyu ko uku. In kika tara waɗannan 'yan kwanakin, sati 40 zai ba ki wata tara da sati ɗaya a kalandar Bature. Misali, jini ya zo miki ran 10 ga Janairu. Ƙara kwana bakwai, 17 ke nan. Ƙirga wata tara gaba, sai ki sa rai wajen 17 ga Oktoba.

Watanmu na Musulunci kuwa kwana 29 ne ko 30, shi ya sa lissafinsa wata tara da rabi ne. Wadda jininta na ƙarshe ya fara ranar Babbar Sallah, wata tara zai cika mata ran goma ga azumi, ta ƙara sati biyu, haihuwarta ta faɗo a goman ƙarshe na Ramadan. Kun ga tun da wuri ta san da wa za ta bar sana'arta da girkin buɗa-baki.

Inda ake yawan samun saɓani shi ne ɓatan wata. Ranar da kika lura wata ya ɓace miki, cikin ya riga ya kai sati huɗu a lissafin asibiti. Ɓata na biyu sati takwas, na uku sati 12. Me ya sa wannan ya dame mu? Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta je awo sau takwas, na farko kafin sati 12 ya wuce, sauran a sati 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Wadda kunya ta sa ta ɓoye sai ciki ya fito, ta riga ta rasa na farko. Maganin ƙarin jini da wuri ake son fara shi. Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro kuma daga sati 13 ake fara bayarwa, wata-wata, aƙalla sau uku, kuma kun san yadda sauro yake mana da damina. In ba a san sati ba, yaya za a san lokacin?

Ranar da aka rubuta miki a kati kintace ce, kaɗan ne ke haihuwa a kanta daidai. Daga sati 37 zuwa 42 duk lokaci ne. Naƙudar da ta taso kafin sati 37 ta bakwaini ce, asibiti za a nufa, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. In kuma ranar ta wuce da sati ɗaya shiru, ki koma a duba ki. Kada a ce miki ciki ya kwanta ki zauna, domin bayan sati 42 mabiyiya tana rage ciyar da ɗa. Zubar jini, kumburin fuska, ciwon kai mai tsanani ko jijjiga, waɗannan ba sa jiran lissafi, a tafi nan take.

Mai shayarwa da ta sami ciki ba ta ga jini ba, ko wadda ranar ta shige mata, ta nemi hoton ciki kafin sati 24, don na farkon ciki ya fi faɗin gaskiyar kwanaki. Akwai kuma alamu: motsin ɗa yakan fara tsakanin sati 16 da 20, kuma wajen sati 20 ne mahaifa ke kaiwa cibiya.

Yanzu ga abin da nake roƙo. Mu da muka iya rubutu, mu riƙa sa alama a kalanda duk ranar da jini ya zo. Wadda ba ta iya ba, ta sami gwangwani, kowace Juma'a ta jefa ƙwallon dabino ɗaya. Juma'a arba'in ce, kamar zubin adashe. In ƙwallaye sun kai 28, wata bakwai ya kama, lokacin maganar goyon ciki da sayen kayan haihuwa. In sun kai 36, kuɗin mota su kasance a hannu, lambar direba a waya. 'Yar'uwarmu ta Korayel ko Dabi ko Guntai, in aka ce a wuce da ita babban asibitin Kazaure cikin dare da ruwan sama, ba lokacin neman rance ba ne. Ina ba shugabanninmu shawara a riƙa ba mai ciki kwasar adashenta kafin sati 36.

Mazajenmu, ku ma ku riƙe ranar nan kamar yadda kuke riƙe ranar shuka, ku ba da izinin awo tun ɓatan wata na biyu. Iyayenmu surukai, ku tambayi amare a ɓoye cikin hikima, kunya ce ke hana su faɗa.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana abin da muka haifa, Ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka.