Kada Mu Kai Ƙurar Aiki Gida

Yau maganarmu a kan haƙar zinariya ce, gama da rani can samarinmu da yawa suke samun na abinci.

A shekara ta 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Yawancinsu ba su kai shekara 5 ba, balle su shiga rami. Duwatsun aka kawo gida, aka daka su a tsakar gida inda yara suke rarrafe. Ƙurar ta bi ƙasa, ta hau hannu, ta shiga baki. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Ba mu ce a bar aikin ba, mun san yunwa. Amma mu daka dutse nesa da gida, mu jiƙa shi domin ƙura ta kwanta. Mu yi wanka, mu sake riga kafin mu ɗauki yaro. Turmin dutse kuma kada ya koma na hatsi. Yaron da ya fara amai ko jijjiga, mu kai shi asibiti nan da nan, mu gaya wa likita aikin babansa.