Wakka da Rikku: Na Koma Kan Final Fantasy X

 Yau za mu ɗan ajiye maganar rajistar katin zaɓe da kwatocin unguwa, gem za mu yi. Wanda bai taɓa buga Final Fantasy X ba kuma yana da niyya, to ya sani zan tona labarin, kada a zo ana min ƙorafi.

Kamfanin Square na Japan ne ya fitar da shi a 2001 a kan PlayStation 2, kuma shi ne na farko a jerin da aka sa wa jarumansa murya. Mu nan sai wajen 2010 ya iso hannunmu, a wani gidan gem a Unguwar Dosa. Kun dai san gidan gem, ƙwallo ake bugawa, sai Mortal Kombat, sai GTA. Shi kuwa wannan irin gem ne da kake shiga rigar jarumi ka bi dogon labari, ga surutu, kuma babu damar tsallake surutun. Kuɗinka na ƙonewa, na bayanka na cewa malam ka tashi. Saboda haka faɗan kawai muka sani. Watan jiya na samu wanda aka sabunta, na zauna da shi a kwamfuta dare-dare in an kawo wuta, na saurari kowace magana.

A taƙaice, duniyar sunanta Spira. Akwai wani ƙaton dodo, Sin, da ke rusa garuruwa. Wata yarinya, Yuna, ta ɗauki hanya zuwa kufan birnin Zanarkand don ta kawar da shi, mutum shida na rakiyarta: Tidus, Wakka, Lulu, Kimahri, Auron da Rikku. Yawancin mutane soyayyar Tidus da Yuna suke tunawa. Ni a wannan karon Wakka da Rikku ne suka riƙe ni.

Wakka ɗan wasa ne, mai fara'a, irin yayan nan na unguwa da zai raba tuwonsa da kai. Amma ya tsani wata ƙabila, Al Bhed, saboda suna amfani da injinan da koyarwar Yevon ta haramta. Kafin wani ya juya min magana, Yevon ƙirƙirarren abu ne na cikin gem, ban kwatanta shi da addinin kowa ba. Ƙiyayyar Wakka kuma tana da tushe. Ƙaninsa Chappu ya tafi yaƙi da Sin, ya ajiye takobin da Wakka ya ba shi, ya ɗauki makamin Al Bhed, bai dawo ba. Wakka ba zai iya rama wa Sin ba, sai ya juye baƙin cikin a kan mutanen da suka ƙera makamin.

To sai Rikku ta shigo tawagar a bakin kogin Moonflow. 'Yar Al Bhed ce. Auron ya duba ƙwayar idonta ya gane, ya yi shiru. Yuna da Lulu ma sun sani. Wakka kaɗai aka bari a duhu, shi ne kuma ya fi kowa murnar zuwanta, yana yabon fara'arta. Ranar da gaskiya ta fito a tafkin Macalania, nan take fuskarsa ta canza. Yarinyar ita ce dai, ba abin da ta yi masa, suna kawai ya ji.

Wallahi a nan na ajiye abin bugawar na yi shiru. Duk wanda ya tashi a Kaduna ya san wannan fuskar. Bayan rikicin 2000, da na 2002, da na bayan zaɓen 2011, garin nan ya rabu, kogi ya zama iyaka. Mu nan Kawo, Badarawa, Malali, Unguwar Rimi. Su can Barnawa, Sabon Tasha, Narayi, Television. Akwai yaro a layinmu da ya gama sakandare bai taɓa cin abinci a gidan kowa a ƙetaren gada ba, na tabbata can ma akwai irinsa. Za ka ga samari biyu suna hira a keke Napep a titin Ahmadu Bello, ana dariya, ana zagin Manchester United tare. Da an tambayi suna da unguwa, sai hirar ta yi sanyi.

Abin da ya burge ni shi ne marubutan ba su yi wa Wakka gyaran dare ɗaya ba. Rikku ta yi masa gardama, bai ji ba. Tafiya ce ta ci gaba, dole su yi faɗa kafaɗa da kafaɗa. Sai aka kai garin Al Bhed da ke cikin hamadar Bikanel, ya tarar ana karkashe su. A jirgin da suka tsere da shi daga can ya ji cewa mahaifiyar Yuna, wadda ya ɗauka tamkar ƙanwarsa, 'yar Al Bhed ce, ita da Rikku 'yar mace da 'yar namiji ne. A garin kuma Tidus, da mu masu bugawa, muka gane dalilin da ya sa Al Bhed ke sace masu irin tafiyar Yuna: duk wanda ya kammala ta mutuwa yake yi, su kuma so suke su hana. Su Wakka sun daɗe da sanin ƙarshen tafiyar, sun dai yarda da shi ne.

Ga wurin da na fi so. An tarwatsa garin, Rikku na cikin jimami a jirgi, Wakka ya zo zai rarrashe ta, sai ya kwatanta fashewar da wasan wuta na biki. Ta ji haushi, kuma tana da gaskiya. Haka mutum yake in ya fara sauyawa, zuciya ta motsa amma baki bai koyi magana ba tukuna. Na sha ganin wannan a tarukan matasa da muke haɗawa, wani zai tashi da kyakkyawar niyya ya saki kalmar da za ta ɓata zaman gaba ɗaya. Sai can dab da ƙarshe, bayan ya ga injina da idonsa a cikin babban wurin bautar Bevelle, Wakka ya buɗe baki ya nemi afuwar Al Bhed. Kai mai bugawa ka yi sa'o'i da dama kana jiran wannan.

Akwai wata dabara kuma. Yaren Al Bhed ba ka jin sa da farko. Littattafai 26 aka warwatsa a cikin gem ɗin, kowanne harafi ɗaya yake buɗe maka. In ka yi ƙwazon nema, maganarsu na ƙara fitowa fili. In ka yi kasala, har ka gama gwalan-gwalan za ka riƙa ji, kuma gem ɗin ba zai tilasta maka ba.

Mu ma muna da namu a garin nan, na gaske. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun kasance a ɓangarori biyu masu gaba da juna a rikicin 1992. Fasto ya rasa hannunsa, Imam ya rasa malaminsa da 'yan uwansa. A 1995 suka haɗu, daga nan suka kafa cibiyar sasanci, kuma su da kansu sun sha faɗa cewa yardar ba a rana ɗaya ta zo ba. Har fim aka yi a kansu a 2006.

Inda nake da ƙorafi a kan gem ɗin shi ne Rikku. Shekarunta 15, amma ita aka ɗora wa haƙurin duka. Ita ke ɓoye asalinta, ita ke shanye magana, ita ke dariya don kada tafiya ta lalace. Labarin ya ba Wakka fili ya girma, ita kuwa ba a tsaya an tambaye ta nawa ta biya ba. Duk wanda ya taɓa zama shi kaɗai ne irinsa a aji ko a wurin aiki, Musulmi a Sabon Tasha ko Kirista a Kawo, ya san wannan gajiyar.

Ban taɓo Tidus da babansa Jecht ba, da Auron da ke ɗauke da alkawarin abokai biyu. Wannan shiri guda ne, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.