Idon Raga da Amanar Sa Hannu: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai



Da aka ce in yi magana a kan aikina na injiniya a Ma'aikatar Ayyuka, sai na tuna da malaminmu na lissafi, wanda ga shi nan zaune, domin ko ka sami amsa daidai ba ya ba ka maki sai ka nuna hanyar da ka bi. A lokacin muna ganin tsanani ne. Yau zan faɗa muku inda wannan horo ya yi mini rana.

A zamanin nan, kafin a gina gada ko tankin ruwa, akan zana shi a kwamfuta a ɗora masa nauyi, a ga inda zai iya tsagewa. To amma kwamfuta ba ta iya lissafa gini dunƙule. Sai ta yayyanka hoton ginin ƙanana-ƙanana kamar ragar masunta, ta lissafa kowane ido, sannan ta haɗa amsa. Manhajar tana zuwa da nata tsarin raga, wanda in ba ka taɓa komai ba da shi za ta yi aiki. Akwai kuma wasu zaɓuɓɓuka da aka bar wa injiniya, in ya ga dama ya gyara. Shi ke iya faɗin girman ido, da siffarsa, mai kusurwa uku ko mai huɗu. Yana iya matse ragar a inda nauyi ke taruwa, wato mahaɗa da kusurwa da bakin rami, ya bar ta da faɗi a sauran wurare. Yana kuma iya sa manhajar ta nuna masa idanun da suka karkace ko suka yi tsawo fiye da kima, domin irinsu kan ba da amsar ƙarya.

Me ya sa ba a matse ko'ina? Saboda in ka raba girman ido biyu a tsawo da faɗi da kauri, yawan idanun zai ninka sau 8, kwamfutar kuma ta daɗe tana aiki. Shi ya sa mai gaggawa kan bar komai yadda ya same shi.

Ga abin da raga marar kyau ta taɓa jawowa. A ranar 23 ga Agusta, 1991, lokacin da wasunmu ba a ma haife su ba, wani ƙaton gindin kankare da aka gina domin dandalin haƙar iskar gas mai suna Sleipner A ya nutse a ruwa kusa da birnin Stavanger na ƙasar Norwe, ana cikin gwajinsa. Ba a rasa rai ba, amma an ƙiyasta asarar a kan dala miliyan 700. Bincike ya nuna ragar da aka yi a mahaɗar bangayen ba ta da kyau, har lissafin ya rage ƙarfin da ke neman tsaga wurin da kashi 47 cikin 100, ga shi kuma rodin da aka sa bai riƙe wurin yadda ya kamata ba. Ƙwararru ne suka yi aikin, kwamfutar kuma ba ta lalace ba. Abin da aka ba ta shi ta lissafa.

Ni ma na gamu da ƙaramin irinsa. An kawo mini fayil na tankin ruwa na sama da za a yi wa wani ƙauye, hotuna masu launi gwanin sha'awa, ana jiran sa hannuna a ranar. Na tambayi wanda ya yi lissafin ko ya matse ragar a inda ginshiƙai suka haɗu da cikin tankin, ya ce bai taɓa komai ba. Na ce mu matse mu sake, mu ƙara matsewa mu sake, har sai amsar ta daina canzawa. Da ta tsaya, sai ga shi rodin da aka rubuta bai isa ba. Na sha ƙorafi, har aka ce ina riƙe fayil ne don wata manufa. Mako guda aka yi aka gyara zanen. A ƙarƙashin wannan tankin mata da yara ke layin ɗiban ruwa kullum safiya.

Saboda haka, 'yan'uwa, musamman ƙannenmu da ke karatun injiniya, kada kyawun hoto ya ruɗe ku. Ku tambayi yadda aka tsara ragar, kuma sau nawa aka gwada, domin ranar da gini ya faɗi, wanda ya sa hannu za a nema.

Malam, yanzu na gane.