Yaren Ɗakin Labarai: Abin da Ma'aikatan Talabijin Ke Faɗa a Bayan Kyamara



An nemi in yi magana a kan kalmomin da ma'aikatan talabijin ke amfani da su wajen haɗa labarai. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi: mahauta da nasu yaren, 'yan kamasho a tasha da nasu, mu ma da namu. Zan taɓo abu uku: inda kalmomin nan suka samo asali, aikin da suke yi mana, da kuma abin da suke iya ɓoyewa.

Mu fara da asali. A Ibadan aka buɗe tashar talabijin ta farko a Najeriya a 1959, ta Kaduna ta zo a 1962, sannan aka haɗa tashoshi a ƙarƙashin NTA a 1977. Na'urorin daga Ingila da Amurka aka shigo da su, kowace da sunanta a goshi. Shi ya sa wasu daga cikin kalmominmu sunaye ne na kayan da suka daɗe da shuɗewa. Hoton da aka ɗauko muna ce masa futej, domin a da da ƙafa, wato "foot" a Turanci, ake auna fim: mai faɗin milimita 16, ƙafa 36 ke ba da minti ɗaya. Guntuwar maganar wanda aka yi hira da shi muna ce mata sot, wato taƙaitawar "sauti a kan tef", tef ɗin da ya shigo aiki bayan kamfanin Ampex ya fito da na'urar ɗaukar bidiyo a 1956. Yau a ɗan kati ake ɗaukar komai, amma sunan na nan. Rubutun da ke fitowa a ƙasan allo ɗauke da sunan mai magana, Amurkawa na ce masa Chyron, mutanen Ingila na ce masa Aston, duka biyu sunayen kamfanonin da suka ƙera injinan ne. In ka tsallaka Nijar kuwa, a Télé Sahel, sai ka tarar da wannan aikin dai da bakin Faransanci.

Na biyu, me ya sa ba a yar da su ba? Saboda lokaci. A talabijin da daƙiƙa ake ciniki. Kafin a shiga iska akwai randawun, takardar da ta jera labarai ɗaya bayan ɗaya, kowane da adadin daƙiƙoƙinsa. In edita ya ce a yi bi'o, kowa ya gane mai karanta labarai ne zai yi magana ana nuna hoto a kan muryarsa. In ya ce fakej, ana nufin cikakken rahoto: muryar wakili, hotuna, sot biyu ko uku, da wurin da wakilin zai tsaya gaban kyamara ya yi bayani. Ana rubuta kalmomin ƙarshe na rahoton a takarda, domin da zarar darakta ya ji su ya san lokacin komawa ɗakin gabatarwa ya yi. A cikin ɗakin kuma baki ba ya aiki, hannu ne: mai kula da dandali ya riƙa juya yatsa, ma'ana tattara ka rufe, ya ware hannuwa kamar mai jan roba, ma'ana ƙara ja, akwai sauran lokaci, ya gitta hannu a maƙogwaro, ma'ana yanke nan take.

Akwai wata ƙa'ida da ta shafe mu kai tsaye. A Turanci ana lissafa kalma uku a daƙiƙa ɗaya, da haka ake yanka hoto daidai tsawon rubutu. Idan aka miƙa rubutun ga sashen Hausa, sau da yawa fassarar ta fi shi tsawo, hoto ya ƙare mai karatu bai gama ba. Daga nan sai a maimaita hoto, ko a datse jimlar da ke ɗauke da ma'anar labarin. Maganin wannan shi ne a rubuta labarin Hausa da Hausa tun farko, a yanka masa hotonsa.

Na uku, kuma nan ne na fi son ɗalibai su buɗe kunne. Kowace kalma a cikin waɗannan, hukunci ce da wani ya yanke. Ɗauki bi-rol, hotunan cike gurbi da ake shimfiɗawa a kan magana. An yi hira da kwamishina minti goma, ana buƙatar daƙiƙa ashirin. Mai tacewa ya ɗauki farkon amsa, ya ɗauki ƙarshenta, ya haɗa. Don kada a ga kan mutumin ya yi tsalle a mahaɗar, sai ya rufe wurin da hoton hannunsa ko na wakili yana gyaɗa kai. Wannan aiki ne halal, kullum ana yin sa. Amma idan abin da aka cire shi ne "sai dai" ko "idan", an sa wa mutum maganar da bai yi ba, kuma mai kallo ba zai ga ɗinkin ba.

Haka hoton ajiya: ambaliyar bara aka nuna a labarin bana ba tare da an rubuta cewa tsoho ne ba. Haka alamar "kai tsaye" a kan rahoton da aka naɗa tun da hantsi. Haka jin ra'ayin jama'a: mutum biyar aka tare a bakin kasuwa, aka ce "Kanawa sun ce". Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma a kan wannan amana ce sana'armu ta tsaya. Wanda ya ji a rediyo yana iya tababa, wanda ya gani da idonsa rantsuwa zai yi.

Tun da aka ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi a 1992, har zuwan irin su Arewa24 a 2014, masu aiki da Hausa a talabijin sai ƙaruwa suke yi, amma kowace tasha da yadda take kiran abu. Ina kira ga sassan koyar da aikin jarida da na nazarin Hausa a jami'o'inmu su zauna da editoci da masu ɗaukar hoto, su fitar da ƙamus guda na wannan aiki. Wadda baki ya riga ya saba da ita a bar ta, wadda ke rikita sabon shiga a nema mata ta gida.

Ku kuma ɗalibai, ku haddace kalmomin nan tun kafin ku je sanin makamar aiki, don babu mai tsayawa yi muku bayani ana saura minti biyu a shiga iska. Amma duk sanda aka ce ku yanke ko ku rufe, ku tambayi kanku abin da aka cire da kuma wanda cirewar za ta cuta.