Tsuntsun Da Ba Ya Yin Sheƙa

Jama'ar Gatawa, yau zancenmu na tsuntsaye ne. Kowa ya san 'yar jar tsuntsuwar nan da ke tsince-tsince a gindin turmi, wadda waɗansu ke kira baiwar Allah. Ba ta gudun mutane. A cikin jinkar ɗakunanmu take sheƙa. Ta kan yi ƙwai uku zuwa biyar, farare.

To, akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai farin baki da ke bin ta. Namijin ne baƙi, macen kuwa launin ƙasa gare ta. Wannan mace ba ta yin sheƙa. Sai ta faki ido ta shiga ta baiwar Allah, ta saka ƙwanta, ta tafi. Ƙwan nata ma fari ne.

Ga abin mamaki. 'Ya'yan baiwar Allah suna da waɗansu ɗige-ɗige a cikin baki. Da su uwa ke gane nata. Ɗan baƙon nan shi ma da irinsu ake ƙyanƙyashe shi. In ya buɗe baki, sai ta ba shi abinci. Ba ya kuwa ture 'yan gida waje. Tare suke girma. Wani Bajamushe, Jürgen Nicolai, ya bayyana wannan a 1964.

Har kukan uban goyonsa yake koya. In ya girma, da kukan yake neman aure. Macen da ta tashi a irin wannan sheƙa, shi za ta bi. Wani Ba'amurke, Robert Payne, ya gwada. Ya sa wani tsuntsu dabam ya goya su, sai suka tashi da kukan wancan.

Zalaidu mai dogon wutsiya, wanda muke gani a daji da kaka, shi ma haka yake yi, amma a sheƙar wani tsuntsu.

Abin da ya sa muka kawo zancen, yara suna ta harbinsu da danƙo, suna zare sheƙa daga jinka, wai ɓarayin gero ne. A'a. Mai ɓarna shi ne jan-baki, wanda ke sauka gona dubu-dubu tun gero yana kan kara. Waɗannan kuwa a ƙasa suke kiwo. Ƙwayar ciyawa suke ci, da tsabar da ta zube wajen sussuka.