Sabulun Gida da Takardar Hukuma: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Cika Shekara na Ƙungiyarmu a Zangon Kwatano

  

An ba ni in yi magana a kan sabulu. Na ga wasu suna murmushi, don kayan da aka san mu da su atamfa ne da shinkafa da motoci. To amma mu tuna abin da ya same mu. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe Seme ba sai Disamban 2020. Tun Yulin 2023 kuma kowa ya san halin da gadar Malanville da Gaya ta shiga. Duk ranar da aka rufe iyaka, wanda cinsa da shansa ke kan fito da dako shi ne farkon zama. A irin waɗannan watanni, gidaje da yawa a Zangon nan ƙananan sana'o'in mata ne suka riƙe su, sabulu na cikinsu. Mutum yana iya fasa sayen sabuwar atamfa, amma ba ya fasa wanka da wanki.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce. Iyayenmu sun yi sabulun salo da ruwan toka, Yarabawa suna ce masa ose dudu, mutanen Gana alata samina. Manja da man alayyadi suna nan kudu, man kaɗe yana saukowa daga arewacin Benin. Abin da ya rage mana shi ne takarda, da awo, da suna.

Mu fara da takarda. Tun 2020 ana buɗe kamfani a Benin ta intanet, a shafin monentreprise.bj na hukumar APIEx. Da wayar hannu ake cikewa, da ita ake biya. Abin da za ka samu shi ne lambar rajistar kasuwanci, wadda ake kira RCCM, da lambar haraji ta IFU, da katin ɗan kasuwa. Ɗan ƙasa zai tanadi lambarsa ta NPI daga ANIP. Baƙo, ɗan Nijar ne ko ɗan Najeriya, ya fara gyara takardar zamansa kafin komai.

Hajiyoyinmu masu tukunya ɗaya, ku ma an yi muku ƙofa. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Benin da Nijar suke cikinta, ta fitar da matsayin ƙaramin mai sana'a a 2010, da Faransanci ana ce masa entreprenant. Benin ce ta fara aiki da shi, a 2015. Ba a neman jari, ba a neman lauya, littafin shiga da fita kawai za ki riƙe.

Na san tsoron da ke zuciyar kowa, wato lampo. Gaskiya ne, wanda ya yi rajista zai biya. Ƙananan 'yan kasuwa harajin dunƙule suke biya, wanda ake kira TPS, gwargwadon cinikin shekara. Amma ku lissafa abin da marar takarda ke asara. Otel ba zai saye ba, makarantar kwana ba za ta saye ba, babban kanti ba zai ɗora a kan kanta ba, domin dukkansu rasit mai lambar IFU suke nema. Marar takarda kuma kullum hannunsa na aljihu yana sallamar wani, ba rasit, ba iyaka.

Na biyu, awo. Soda ba abin wasa ba ce. Kowane mai da sodarsa: kilo ɗaya na manja yana cin wajen giram 140, man kaɗe ƙasa da haka kaɗan, man alayyadi ya fi su ci. Jarka mai lita 25 ta manja tana da nauyin wajen kilo 22 da rabi, sodarta kuma wajen kilo 3. Wanda ya auna da gwangwani ko da ido, yau sabulunsa ya yi ruwa, gobe ya ci hannun mai wanki. Sikeli ƙarami na girki ya isa, a saye shi kafin a sayi turare. Soda ake zubawa a ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda. Ba a haɗawa a tukunyar alminiyom, don soda na cinta. A sa safar hannu da tabarau. In an yanka, a bar shi ya sha iska mako huɗu zuwa shida kafin a kai kasuwa. Gaggawa aikin shaiɗan, a nan kuwa fatar mutane take ci.

Iyaye mata, ku saurare ni da kyau a wannan gaɓar. Ruwan soda fari ne tas kamar ruwan sha. Asibitocin Afirka ta Yamma sun sha karɓar yaran da suka kurɓe shi daga kofi ko gorar ruwa, maƙogwaronsu ya ƙone ya tsuke, wasu har abada ba su sake haɗiyar tuwo ba. Gidajenmu na Zango gidajen haya ne, tsakar gida ɗaya, yara goma. Kada a taɓa zuba ruwan soda a gorar ruwa ko kofin shayi. A rufe shi, a sa kwaɗo, ranar haɗi kuma a fitar da yara.

Na uku, abin da ake rubutawa a jikin sabulu. A sa sunan kaya, da nauyi, da abubuwan da aka haɗa, da sunan mai yi da unguwarsa, da ranar haɗi, cikin Faransanci. Hukumar ANM ce ke kula da ma'auni da ingancin kaya, sabulun wanka kuma yana cikin kayan kwalliya da hukumar magunguna ta ABMed ke sa wa ido. Mai son shiga manyan kantuna ya je musu da samfur tun wuri. Kada a rubuta cewa sabulu yana warkar da ƙyasbi ko makero. Da ka rubuta haka ka mai da shi magani, dokar magani kuwa ba ta da wasa a ƙasar nan. Duk mun ga yadda aka kwashe rumfunan magani na Adjégounlè a Dantokpa a Fabrairun 2017. Sinadaran bilicin, irin su makyuri da haidrokwinon, a nisance su. Yarjejeniyar Minamata, wadda Benin take ciki, ta hana sabulun bilicin mai makyuri, domin yana lalata ƙoda. Naɗi kuma a yi shi da takarda ko kwali, tunda dokar Disamban 2017 ta hana ledar da ba ta ruɓewa.

In sabulunki ya yi suna, wata za ta kwaikwayi tambarinki. Rajistar tambari a OAPI, mai hedikwata a Yawunde, tana kare shi shekara 10 a ƙasashe 17, har da Nijar da Togo da Burkina Faso. Najeriya ba ta ciki, tata rajistar daban ce.

Yanzu maganar da ta fi shafarmu, ƙetare iyaka. Sabulun da aka naɗe don sayarwa ɗai-ɗai yana cikin jerin kayan da kwastan na Najeriya suka hana shigarwa. Tsarin ETLS na ECOWAS yana yafe haraji ga kayan da aka yi a yankin, amma sai an amince da kayan an ba su takardar shaidar asali, kuma wannan bai ɗauke lambar NAFDAC ba. Wanda ya loda katan ɗari ya nufi Seme da ƙarfin hali, jarinsa ya kai wa ma'ajiyar kwastan. Shawarata, a fara cin kasuwar gida: Kwatano, Porto-Novo, Parakou, Djougou, sannan Lome ta Hilla-Condji, inda kuɗinmu sefa ɗaya ne. Mai kwaɗayin kasuwar Ikko ko Kano, ya haɗa kai da ɗan uwansa na can, su yi rajistar CAC, su nemi lambar NAFDAC, a riƙa haɗa sabulun a can. Fasahar haɗi ba ta biyan duwan a kan iyaka.

Ga roƙona ga ƙungiya. Dokar OHADA ta yarda mutum biyar su kafa ƙaramar ƙungiyar haɗin gwiwa, wadda ake kira SCOOPS. Mata biyar masu adashi ɗaya sun isa. Su sayi mai da soda a sari, su kama ɗaki ɗaya mai ƙofa da kwaɗo nesa da yara, sikeli ɗaya, tambari ɗaya, gwaji ɗaya a wurin hukuma, maimakon kowace ta biya nata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon shugabanni su ware rana ɗaya a wata, samarinmu masu karatun Faransanci su zauna a ofis da waya su taya iyayensu cike takardu. Alhazai masu shaguna kuma, in katan na farko ya fito, ku ne za ku fara saye.

Masu son shiga su ba sakatare sunayensu kafin a watse. Allah ya sa albarka a nemanmu, ya buɗe mana hanyoyin da suka rufe, ya tsare mana 'ya'yanmu.