GOGE DA JAZZ: ME YA SA NASU YA YI NISA, NAMU YANA LAFEWA?

Ina gaida masu sauraronmu na Bebeji da Tiga, da 'yan Ƙiru da Kwanar Ɗangora, har zuwa Tudun Wada da Doguwa da Riruwai. Yau hirar tamu kan goge ce, amma ta Faransa za mu fara biyowa, sannan mu dawo gida.

Akwai wani Bafaranshe mai suna Jean-Luc Ponty, an haife shi a 1942. Gogen Turawa yake kaɗawa, wanda suke kira bayolin, mai tsirkiya huɗu. Ya yi karatun kiɗa a babbar makarantar kiɗa ta Paris, ya samu aiki a ƙungiyar makaɗan gargajiyar Turai, irin waɗanda ke bin takarda ba ƙari ba ragi. Sai jazz ya ɗauke masa hankali. Shi jazz kiɗa ne da baƙaƙen fatan Amurka suka ƙirƙiro, kuma daɗinsa shi ne makaɗi yana ƙirƙira nan take, ba sai abin da aka rubuta masa ba. Ponty ya koma Amurka, ya jona gogensa da lantarki, ya yi aiki da irin su Frank Zappa.

To ga inda maganar ta shafe mu. A 1991 ya fitar da faifai mai suna Tchokola, tare da makaɗan Afirka mazauna Paris, ciki har da Brice Wassy ɗan Kamaru. Kiɗan makosa da bikutsi na Kamaru da sabar na Senegal aka shimfiɗa, shi kuma ya ɗora gogensa a kai. Haka wata Ba'amurkiya, Regina Carter, a 2010 ta yi faifan Reverse Thread tare da Yacouba Sissoko ɗan Mali mai kiɗan kora. Wasu daga cikin waƙoƙin a tsofaffin faya-fayan da masu bincike suka naɗo a Afirka ta same su. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu mu dubi namu. Ƙoƙo ne aka rufe da fatar guza, aka soka sanda, aka ɗaura tsirkiya ɗaya tal ta gashin wutsiyar doki. Ɗan bakan da ake gogawa shi ma gashin doki ne, a shafa masa ƙaro ya kama. Shi ke nan fa! Amma saboda babu wasu matakai a jikin sandar, yatsa zamewa yake yi, sautin ya hau ya sauka kamar muryar mutum. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da sauka, shi ya sa tsoho zai ji goge ya ce maka ga abin da yake faɗa, alhali makaɗin bai buɗe baki ba. Sannan mai goge ba ya bin takarda. Yana kallon fili, yana kallon ƙafar mai rawa, masu ƙwarya suna riƙe masa kiɗa, shi yana yawo yana dawowa. Jama'a, wannan ba shi ne abin da ake yaba wa 'yan jazz a kai ba?

Kuma mun yi gwanaye. Audu Yaron Goge da Garba Liyo a goge. A kukuma, ƙanwar goge, ga Ibrahim Na Habu, ga Garba Supa, ga Hassan Wayam, ga Ahmadu Doka. Abin ma ya wuce ƙasar Hausa. Yarabawa suna da goje a kiɗan sakara, Dagombawan Ghana suna kaɗa irinsa a fadar sarakunansu. Wata farfesa a Amurka, Jacqueline DjeDje, littafi guda ta wallafa a 2008 kan gogen Fulani da Hausawa da Dagomba.

To me ya faru? A ganina abu biyu ne. Na farko, goge ya ɗauki tabo saboda an fi saninsa da bori da wuraren shashanci, har ɗan mai goge ya ji kunyar faɗin sana'ar ubansa. Ni ba malami ba ne, hukuncin kiɗa na bar wa masu shi. Amma ko wanda ba ya sauraro ya san tarihin kakanninsa bai kamata ya ɓace ba a rubuta ba. Na biyu, kuɗi. Mai biki yau DJ zai ɗauko da sifika biyu, ya fi masa sauƙi. A situdiyo kuma yaro zai danna fiyano ta ba shi kukan goge na jabu, an wuce wurin.

Ga bambancin da nake so ku gani. Ita Regina ta samu abin ɗauka ne saboda wani ya naɗa ya ajiye. Mu kuwa in tsohon makaɗi ya rasu a ƙauye, da shi da takensa ake rufewa. Ran da wani jikanmu zai zo nema, me zai tarar?

Don haka roƙona biyu. Kai matashi mai waya, in akwai mai goge ko kukuma a garinku, je ka gaishe shi da ladabi, ka nemi izininsa, ka riƙe masa ɗan abin goro. Ka naɗa, ka tambaye shi sunan kowane take da wanda ya koya masa, ka rubuta gari da kwanan wata. Ku kuma 'yan situdiyo na Kano, ku gwada gayyato mai gogen gaske ko sau ɗaya. Ku biya shi haƙƙinsa, ku sa sunansa a jikin waƙar, kada a ci da guminsa a bar shi da tafi.

Wanda ya san inda irin waɗannan dattawa suke, daga Bebeji har gefen dajin Falgore, ya faɗa mana sunan garin kawai a kwament, sauran bayani ta inbos, mu je da kanmu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu gama lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.